Waiwayen Aiki ga Mai Ba da Shawara: Amfani Ne Ko Ƙarin Takarda?

Tambaya: Ni mai ba da shawara ce kan matsalolin damuwa da na zamantakewa, kuma na daɗe a aikin. A wurin da nake aiki an ɗora mana sabon nauyi, wato kowa ya riƙa rubuta waiwaye a kan zaman da ya yi da masu zuwa neman taimako, sannan ya tattauna shi da mai duba aikinsa. Ni a ganina aiki ne ke koya wa mutum aiki, kuma lokacin da zan ɓata wajen rubutu gara in ga wani mabuƙaci. Shin akwai amfani na haƙiƙa a cikin wannan abu, ko kuwa ƙarin takarda ne kawai?

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ke da wannan ƙorafi ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage suna kallon rubutun waiwaye a matsayin wani nauyi da masu ofis suka ƙirƙiro don cika fayil. Amsata ita ce amfanin yana nan, kuma babba ne, sai dai ba duk abin da aka kira waiwaye ke kawo shi ba. Zan fara da maganar da kika kafa hujja da ita, cewa aiki ne ke koya wa mutum aiki, saboda a kanta ne dukkan batun ya rataya.

A sana'o'i da dama maganar gaskiya ce. Mai koyon tuƙi idan ya murɗa sitiyari fiye da kima, nan take motar za ta nuna masa, ba sai wani ya gaya masa ba, kuma bayan ya maimaita kuskuren 'yan lokuta hannunsa zai gyaru da kansa. A shekarar 2009 wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Gary Klein, waɗanda suka daɗe suna saɓani a kan ko za a iya dogara da hasashen ƙwararru, sun haɗu sun rubuta maƙala guda, inda suka yi ittifaƙi cewa gogewa takan zama ƙwarewa ne idan sharuɗɗa biyu suka cika: aikin ya kasance yana da tsari mai maimaita kansa, sannan mai aikin ya riƙa ganin sakamakon abin da ya yi a sarari, kuma da wuri. Aikinmu yana da rauni ƙwarai a sharaɗi na biyu. A ɗaki muke aiki, ƙofa a rufe, daga mu sai wanda ya zo, babu mai gani. Wanda maganarmu ta sosa masa rai da wuya ya faɗa, sai dai ya yi godiya ya tafi, mako mai zuwa a ga kujerarsa babu kowa. Wani nazari da Joshua Swift da Roger Greenberg suka wallafa a 2012, wanda ya tattara sakamakon ɗaruruwan bincike, ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan daina zuwa kafin a kammala aiki da shi. Ki lura da yadda muke fassara wannan ɓacewa: ko mu ce bai shirya canzawa ba, ko mu ce sauƙi ya samu shi ya sa bai dawo ba. Kowace daga cikin fassarorin biyu tana iya zama gaskiya, amma babu wadda ta taɓa mu a cikinsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ƙwararre bai kuɓuta daga wannan ba don kawai yana da takardar shaida.

An gwada maganar gogewa kai tsaye. A 2016 Simon Goldberg da abokan aikinsa sun bi diddigin masu ba da shawara 170 a wata cibiyar jami'a a Amurka, tare da mutum 6,591 da suka gani, wasu daga cikin ma'aikatan har na tsawon shekara 18. Da a ce daɗewa kaɗai ke gyara mutum, da an ga sakamakon kowa yana hawa. Abin da aka gani shi ne, a dunƙule, sakamakon bai ƙaru ba, ya ma ɗan ja baya kaɗan, ko da yake akwai wasu daga cikinsu da suka ci gaba da gaske. Abin da ke ƙaruwa da shekaru babu tangarɗa shi ne yarda da kai. A 2012 Steven Walfish da abokan aikinsa sun tambayi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 129 su auna kansu da takwarorinsu, sai kashi ɗaya cikin huɗu suka sa kansu cikin kashi 10 cikin 100 na sama, kuma babu ko mutum ɗaya da ya ce shi ƙasa da matsakaici yake. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Corinne Hannan da Michael Lambert da sauransu a 2005. An nemi masu ba da shawara 48 su faɗi wanene a cikin mutum 550 da suke gani zai ƙare a hali mafi muni fiye da yadda ya zo. Mutum uku kacal suka yi wa wannan hasashe, a cikinsu ɗaya ne hasashen ya yi daidai a kansa, alhali waɗanda halinsu ya taɓarɓare a zahiri mutum 40 ne. Waɗannan ba sakarkarun ma'aikata ba ne, mutane ne masu son waɗanda suke taimako da alheri, kuma wannan fatan alherin yana cikin abin da ya rufe musu ido.

To, idan aikin da kansa ba ya dawo mana da labarin kurakuranmu, dole mu je mu nemo labarin da gangan. Wannan nemowar ita ce waiwayen aiki. Masanin falsafar nan na Amurka, John Dewey, tun a 1910 ya bayyana cewa tunani mai zurfi yakan fara ne daga lokacin da mutum ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai, ya kuma haƙura da gaggawar yanke hukunci har sai ya bincika. A 1983 Donald Schön ya kawo wannan cikin aikin ƙwararru, ya raba shi gida biyu: waiwayen da ake yi bayan an gama aiki, da wanda ake yi ana tsakiyar aikin, wato mutum yana magana yana kuma lura da abin da maganarsa ke haifarwa, yana gyara tafiya ba tare da ya tsaya ba. Na biyun shi ne abin da ake nema a ƙarshe, amma ba ya samuwa sai ta hanyar na farkon. Wanda bai saba tsayawa bayan zama ya tambayi kansa me ya faru ba, ba zai iya yin wannan tambaya cikin daƙiƙa biyu yana fuskantar mai kuka ba.

Bari in kawo misali, domin a nan ne bambancin yake fitowa. A ɗauka wani magidanci ya zo yana kukan rashin barci da ƙuncin zuciya tun da ya rasa aikinsa. A zama na uku mai ba da shawara ta kawo masa tsarin ayyukan yau da kullum, ya tashi da wuri, ya ɗan yi tattaki, ya ziyarci wani aboki, kuma wannan hanya ce ingantacciya da aka san tana taimakon masu ciwon damuwa. Ya saurara, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "To, zan gwada." A fayil za ta rubuta cewa an yi bayanin tsarin ayyuka, ya kuma amince. Babu ƙarya a cikin wannan rubutu, amma ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci a zaman. Idan ta zauna ta tambayi kanta me ya faru dab da lokacin da ya sunkuyar da kai, za ta tuna cewa ya ce, "Yanzu ko 'ya'yana ba na iya haɗa ido da su," ita kuma ta gyaɗa kai ta jawo takardar tsarin. Ya buɗe mata ƙofar kunyar da ke cinsa, ta wuce ba ta shiga ba. Idan ta ƙara tambayar kanta dalili, mai yiwuwa ta gano cewa duk lokacin da aka kawo mata abin da ba ta da maganinsa a hannu, takan ji wani nauyi a ƙirji, sai ta ruga wajen ba da mafita don nauyin ya sauka. Daga nan kuma sai abin da za ta yi: a zama na gaba ta fara da cewa, "Malam, makon jiya ka faɗi wata magana game da 'ya'yanka, ni kuma na wuce ta da sauri. Idan ka yarda, ina so mu koma kanta."

Wannan ɗan gyara yana da tushe a bincike. Tun 1979 Edward Bordin ya bayyana cewa haɗin kai tsakanin mai ba da shawara da wanda ya zo yana tsaye ne a kan abu uku, wato yarda a kan inda aka dosa, yarda a kan hanyar da za a bi, da kuma aminci tsakanin mutanen biyu, kuma bincike mai yawa ya tabbatar da cewa ƙarfin wannan haɗin kai yana tafiya tare da kyawun sakamako ko da wace mazhaba ta aiki ake bi. Jeremy Safran da Christopher Muran, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin ɓarakar da ke aukuwa a wannan alaƙa, sun nuna cewa iri biyu ce. Akwai wadda mutum zai fito fili ya nuna fushinsa ko ya ce abin ba ya aiki, wannan kowa yana ganinta. Akwai kuma wadda zai ja baya, ya rage magana, ya yi ta cewa "to" da "haka ne", kuma wannan ita ce mai haɗari, domin kama take yi da biyayya, har mai ba da shawara ya fita yana jin daɗin cewa zaman ya yi kyau. An kuma gano cewa inda aka ɗinke ɓaraka sakamakon yakan fi kyau fiye da inda aka bar ta. Ba za ki ɗinke abin da ba ki gani ba, kuma irin wannan ɓaraka ta biyu sau da yawa sai an waiwaya ake ganinta.

Akwai wani ɓangare da ya shafi zuciyar ma'aikacin kansa. A 1910 Sigmund Freud ya yi magana a kan abin da ke motsuwa a ran likita game da wanda yake dubawa, ya ɗauke shi a matsayin cikas da ya kamata a shawo kansa. Shekara 40 bayan haka, a 1950, Paula Heimann ta ce wannan motsin kayan aiki ne, domin yana iya gaya wa ma'aikaci wani abu game da wanda ke gabansa. Ra'ayina shi ne kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Idan kika ji wani mai zuwa yana gundurarki a kowane zama, yana iya yiwuwa haka yake nisanta kowa daga jikinsa, kuma wannan ita ce ainihin matsalar da ta kawo shi. Yana iya yiwuwa kuma ke ce ba ki samu barci ba, ko ya yi kama da wani da ya taɓa ɓata miki. Ba a rarrabe waɗannan ana tsakiyar zama, sai an koma gefe an tambaya: shin da shi kaɗai nake jin haka, ko da duk wanda na gani a ranar? Yaushe abin ya fara? Haka nan batun aƙida da tarbiyya da matsayi. Kowannenmu yana shiga ɗaki da ra'ayinsa a kan yadda aure ya kamata ya kasance, da abin da ɗa ke bin iyayensa, da abin da ake kira nasara a rayuwa, kuma wanda ya zo neman taimako a raunane yake, yana iya karɓar ra'ayinmu a matsayin hukuncin ilimi. Masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers, a cikin sharuɗɗan da ya jera a 1957 waɗanda ya ce sai da su aikin ba da shawara ke kawo canji, ya sa cewa mai ba da shawara ya kasance cikinsa da wajensa ɗaya ne, kuma babu yadda mutum zai cika wannan sharaɗi alhali bai san abin da ke cikin nasa ba.

Yanzu ga inda nake ba ki gaskiya. Waiwayen da mutum zai yi shi kaɗai, daga abin da ya tuna, yana da babban lahani: idon da ya kasa ganin kuskuren a cikin ɗaki shi ne dai ake neman ya gano shi a kan takarda. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye zama yadda ya faru, takan sake tsara shi ta yadda zai dace da abin da muke zato game da kanmu. Shi ya sa mutum yana iya cika littafi guda da rubutu mai daɗin karantawa, bai ƙaru da komai ba sai ƙarin tabbaci a kan abin da ya riga ya yi imani da shi. Hujjar da ke nuna cewa rubutun waiwaye shi kaɗai yana gyara sakamakon masu zuwa ba ta da ƙarfi, wadda ta fi ƙarfi tana wajen waiwayen da aka jingina da wata shaida daga waje.

Shaida ta farko ita ce muryar wanda ake taimako. Lambert da abokan aikinsa sun tsara takarda mai tambayoyi 45 da mutum ke cikawa kafin kowane zama, wadda ke nuna ko yana samun sauƙi ko yana ja da baya, suka kuma nuna cewa idan aka sanar da ma'aikaci cewa wani ya kauce hanya, taɓarɓarewa takan ragu. Scott Miller da Barry Duncan sun yi gajerun ma'aunai masu tambaya huɗu-huɗu, ɗaya a farkon zama a kan halin da mutum ke ciki, ɗaya a ƙarshe a kan yadda ya ji zaman, kuma ba su wuce minti biyu ba. Lambar da ke jikin takardar ba hukunci ba ce, abin fara tambaya ne. Idan ke kina ganin ana ci gaba, ma'aunin kuma yana sauka mako uku a jere, kin samu abin da ya cancanci a zauna a kansa. Shaida ta biyu ita ce naɗar murya ko bidiyo, da izinin mai shi a rubuce. Norman Kagan ya fito da wata hanya a shekarun 1960 inda ake kunna zaman, ma'aikaci ya tsayar da shi duk inda ya tuna wani abu, a tambaye shi me yake tunani a lokacin, me ya so ya faɗa bai faɗa ba, me ya hana shi. Duk wanda ya taɓa sauraron kansa ya san abin da ake ji: shirun da ka ɗauka ka yi na minti guda ashe daƙiƙa uku ne, kuma inda ka ɗauka tambaya ka yi ashe umarni ka bayar.

Shaida ta uku ita ce wani mutum, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne abin da wurin aikinku ya buƙata. Zama da mai duba aiki tsohuwar hanya ce a wannan sana'a. A shekarun 1950 Michael Balint ya riƙa tara likitoci a Landan suna tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai, ba don a gyara magani ba, don a fahimci alaƙar, kuma har yau ana gudanar da irin waɗannan rukunoni da sunansa a ƙasashe da dama. Babbar ƙungiyar masu ba da shawara ta Birtaniya ta sharɗanta wa waɗanda ta tantance aƙalla awa ɗaya da rabi na irin wannan zama a kowane wata, komai daɗewarsu a aiki. Amma zaman ba ya amfani sai da gaskiya, kuma gaskiyar tana da tsada. A 1996 Nicholas Ladany da abokan aikinsa sun gano cewa kashi 97 cikin 100 na masu koyon aiki da suka tambaya sun ɓoye wa mai duba aikinsu wani abu, kuma cikin abubuwan da aka fi ɓoyewa akwai kurakuran aiki da rashin jin daɗin mai dubawar kansa. Dalilin a fili yake. Idan wanda zan gaya wa kuskurena shi ne mai sa hannu a takardar ƙarin girmana, zan kawo masa labarin da ya fi tsabta ne. Don haka idan tsarin da aka kawo muku ya haɗa waiwaye da tantance ma'aikata a wuri ɗaya, to ƙorafinki daidai ne, ƙarin takarda za a samu, kowa zai koyi rubuta ɗan kuskure mara haɗari ya bi shi da darasin da ya koya. Wannan laifin tsarin ne, ba na waiwayen ba, kuma abu ne da ake iya gyarawa.

Wani abin da nake jan hankalinki a kai shi ne kada waiwaye ya rikiɗe ya zama saƙar zuci. Mu da muke wannan aiki mun san abin da Susan Nolen-Hoeksema ta nuna tun farkon shekarun 1990, cewa nanata tunani a kan damuwa yana tsawaita ta, kuma Edward Watkins ya ƙara da cewa bambancin tunani mai amfani da mai cutarwa yana ga yanayinsa: mai cutarwa yakan tsaya a sama, yana tambayar "me ya sa nake haka", mai amfani yakan sauko ƙasa, yana tambayar me aka ce, da wace murya, me ya biyo baya. "Ni ban iya aikin nan ba" ba waiwaye ba ne, hukunci ne, kuma babu abin da za a yi da shi gobe. "Na katse shi sau biyu lokacin da ya fara maganar mahaifinsa" shi ne waiwaye, domin yana da gyara. Helene Nissen-Lie da abokan aikinta a ƙasar Norway sun wallafa wani bincike a 2017 da ya nuna cewa ma'aikatan da suka fi samun sakamako mai kyau su ne waɗanda ke da shakka a kan aikinsu, amma suna tausasa wa kansu a matsayinsu na mutane. Shakkar ta tsaya a kan aikin, kada ta ci mutumin. Wanda ba ya iya yafe wa kansa ba zai jure kallon kuskurensa ba, sai ya kau da kai, kuma daga nan koyo ya tsaya.

Ana yawan cewa waiwaye yana kare ma'aikaci daga gajiyar da ke cinye mutum a wannan aiki, wadda Herbert Freudenberger ya siffanta a 1974, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta a 2019 cikin matsalolin da ke tasowa daga wurin aiki. Akwai gaskiya a ciki, domin wanda ke duba kansa a kai a kai zai fi saurin lura da cewa ya fara murna idan wani bai zo ba, ko ya fara kiran mutane da sunan matsalarsu, ko labarin da ya ji da rana yana hana shi barci. Amma lura ba magani ba ce. Idan an lafta wa mutum fiye da abin da zai iya ɗauka, rage masa za a yi, ba a ba shi littafi a ce ya rubuta yadda yake ji ba.

Game da yadda ake yinsa, tsare-tsare suna da yawa. Graham Gibbs ya kawo mai matakai shida a 1988, wanda makarantu suka fi so saboda yana da sauƙin koyarwa. Ni na fi karkata ga tambayoyi uku da Terry Borton ya kawo a 1970: me ya faru, me hakan ke nufi, sai kuma me za a yi yanzu. Ga mai aiki da yawa irinki sun isa. Ba kowane zama za ki rubuta ba, kuma ba dukkan zaman ba. Ki zaɓi lokaci guda a cikin zama guda, inda kika ji wani abu ya canza, ki rubuta ainihin kalmomin da aka faɗa gwargwadon yadda kika tuna tun suna da ɗumi, sannan abin da kika ji a jikinki, sannan aƙalla fassara biyu daban-daban na abin da ya faru, domin fassarar farko kusan kullum ita ce wadda ta fi yi mana daɗi. Ki ƙare da abu ɗaya da za ki gwada a zama na gaba, kuma, wannan shi ne abin da aka fi mantawa, ki dawo bayan zaman ki rubuta ko kin gwada da abin da ya biyo baya. Minti goma ya ishi wannan. Wani lokaci ki zaɓi zaman da ya yi kyau, saboda wanda bai san dalilin nasararsa ba ba zai iya maimaita ta ba. Bayan 'yan watanni ki karanta abin da kika tara gaba ɗaya, a nan ne za ki ga abin da takarda ɗaya ba ta nunawa, wato halin da ke maimaita kansa da mutane daban-daban. Idan kika gano shi, rubutu ya gama aikinsa, saura atisaye: ki samu abokiyar aiki ta zauna a matsayin mai zuwa, ki gwada yin shiru ko faɗar abin da ke yi miki nauyi har bakinki ya saba. Daryl Chow da abokan aikinsa sun gano a 2015 cewa ma'aikatan da suka fi samun sakamako sun fi sauran ba da lokaci ga irin wannan gyaran kai a wajen ɗakin aiki.

Sai batun amana. Rubutun waiwaye daban yake da fayil ɗin mai zuwa, kuma kada ya ƙunshi suna, ko wurin aiki, ko wani bayani da za a gane mutum da shi. Ki ajiye shi inda ba mai kaiwa gare shi, ki kuma san dokar ƙasar da kike aiki da ƙa'idar ƙungiyarku, domin a wasu wurare kotu tana iya neman duk wani rubutu da ya shafi wanda aka gani.

Dangane da lokacin da kike ganin gara ki ba wani mabuƙaci, ki sa a ma'auni cewa mutum ɗaya da ya daina zuwa a zama na uku saboda ɓarakar da ba a lura da ita ba ya tafi da awa uku na aikinki, ya kuma tafi da zaton cewa irin wannan taimako ba ya yi masa amfani, wanda zai iya hana shi sake neman wani. Shawarata ita ce kada ki ƙi tsarin, amma kafin ki miƙa rubutu na farko ki zauna da mai duba aikinki ku daidaita abu uku a rubuce: wanene zai karanta abin da kika rubuta, shin zai shiga cikin tantance aikinki ko ba zai shiga ba, da kuma cewa lokacin yinsa yana cikin awannin aiki, ba a kan lokacin hutunki ba. Idan ya zama mai dubawar shi ne kuma shugabanki, ki nemi a ba ku damar kafa ƙaramin rukuni na takwarori, mutum huɗu zuwa shida, ko a samo mai dubawa daga waje. In an daidaita wannan, to a zaman farko ki kai batun mutumin da kike jin nauyin ganin sunansa a jerin masu zuwa, tare da ma'auninsa na makonnin da suka wuce, da kuma minti biyar na naɗar muryar zamanku idan ya ba da izini.